Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekaruna a Bakin Sikelin Filin Jirgin Saman Kano

A makon jiya na tsaya a inda mahaifina ya amince, bayan an sha fama da shi, in bar gona in bi kawuna zuwa Kano. A kakar 1971 ne, an gama roron gyaɗa, muka yi sammako daga ƙauyenmu zuwa tashar Ringim muka jira jirgin ƙasan da ke tasowa daga Nguru. Kawu lebura ne a filin jirgin sama, yana lodi da sauke kaya, kuma da yake na gama firamare ina iya rubuta lambobi, sai ya roƙa mini aikin malamin awo a wani kamfanin da ke kula da kayan jirage. A cikin tarago ya yi mini gargaɗi guda ɗaya. Ya ce, "Ɗan nan, sikeli amana ce. Ko kilo ɗaya ka ɓoye, ba mai kaya ka taimaka wa ba, rayukan mutane ka ɗora wa nauyi." Na ce, "To, Kawu," alhali ban gane abin da yake nufi ba sai daga baya.

Wanda ya fara koya mini tarihin wurin wani dattijo ne mai gadi, da muke kira Baba, wanda ke cewa yana yaro ya bi ayarin mutanen birni zuwa filin sukuwa don kallon jiragen farko. A watan Nuwamba na 1925 ke nan, lokacin da jirage 3 na sojan saman Ingila suka taso daga Masar ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham suka sauka a Kano. Jigilar fasinja da wasiƙu kuwa sai a 1936 ta kankama, da kamfanin Imperial Airways ya shimfiɗa hanya daga Hartum ta biyo ta Alfashir da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri, ta iso Kano. Da na ji sunayen garuruwan nan sai jikina ya yi sanyi, domin su ne zangunan da kakana ke lissafawa idan yana ba mu labarin hajjin da ya yi a ƙasa, tafiyar da ta ci masa shekara 6 yana yi yana tsayawa ƙwadago a gonakin auduga na Sudan. Ashe jirgin sama ma da ya zo, sawun alhazan ƙafa ya biyo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hanyar ta ƙara cika, saboda ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a tuƙo su ta Kano zuwa Hartum da Alƙahira.

Bayan yaƙi ne hanya ta biyu ta buɗe, ta arewa, wadda ke tsallako Sahara daga Turai. Kamfanin KLM na Holan ya fara sauka Kano a 1947 a kan hanyarsa ta zuwa Johannesburg, Sabena na Beljiyam yana ya da zango a tafiyarsa ta Kongo, ga kuma BOAC na Ingila. Baba yakan ce a zamanin akwai mutumin da aka ajiye a kan raƙumi da kakaki, da zarar jirgi ya doso sai ya busa don masu ratse da makiyaya su kauce. A 1956 Sarauniyar Ingila ta zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, Baba kuwa bai taɓa gajiya da ba da labarin yawan dawakin ranar ba.

Mu matasa mun ɗauka duk girman Kano ne ke jawo waɗannan jirage, kuma mukan yi tinƙaho da haka idan mun je gida da Salla. Sikeli ne ya fara nuna mini akasin haka. Jirgi zai sauka cikin dare cike da Turawa, a kai su ɗakin jira su sha shayi, su sayi jakunkunan fata da wuƙaƙe a wajen 'yan koli, motar mai ta ɗura masa, sannan kusan dukkansu su koma ciki su wuce. Waɗanda suka sauka don Kano ɗin kanta ba su taka kara sun karya ba, kayan da nake aunawa ma yawanci fata ce da ƙirgi da buhunan wasiƙu. Jiragen da, musamman masu farfela, ba sa iya tafiya daga Turai zuwa kudancin Afirka da cikin tanki guda, Kano kuwa ita ce babban gari na farko da matuƙi ke samu idan ya fito daga hamada. Rijiya ce mu a bakin hanya, kuma mai ratse ba ya tsayawa a rijiya in salkarsa a cike take. Ni na zo ne a ƙarshen wannan zamani, lokacin da manyan jirage marasa farfela, irin su Boeing 707 da VC10, suka riga suka karɓe sararin sama, daga baya DC-10 da 747 suka biyo baya, kowanne tankinsa ya fi na gabansa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce 22 ga Janairu, 1973, watan da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. Hazon hunturu ya rufe gari. Wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda Legas ya nufa amma aka karkato shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi hatsari wajen sauka ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Ina cikin waɗanda aka kira suka taimaka da ɗauka, kuma ba zan bayyana abin da idona ya gani ba. Abin da zan iya faɗa shi ne buta da tasbaha da dabino a warwatse cikin ciyawa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Da labari ya isa ƙauye mahaifiyata ta aiko a ce in dawo gida, Kawu ya je da kansa ya lallashe ta, ya ce mata, "Yaya, ajali ko a gindin rumbu yana samun mutum."

Abin mamaki, jigilar alhazai ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi, domin shekarun arzikin man fetur ne. A lokacin aikin hajji mukan yi kwana da kwanaki ba mu runtsa ba, sansanin alhazai ya cika da mutanen Haɗejia da Gumel da Kazaure da 'yan rakiyarsu, kowa da garin kunu da yaji da kilishi a ƙunshe. A nan na fi shan wuya da gargaɗin Kawu, domin tsohuwar da ta san kakarka za ta dube ka ta ce, "Haba ɗana, wannan ɗan ƙullin ne zai hana jirgi tashi?" A 1980 Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air, muka ga ɗan ƙasarmu da jiragen kansa, daga baya kuma aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983.

Hanyar arewa kuwa a hankali ta riƙa bushewa, ba a rana ɗaya ba. Kamfanin British Caledonian na Ingila da muka saba da shi ya narke cikin British Airways, naira ta faɗi daga 1986, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, a 1991 aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja, jakadu da manyan ma'aikata suka koma sauka can. Nigeria Airways, da aka kafa a 1958, ya tsaya a 2003. Kamfanin da nake wa aiki ya rage ma'aikata a shekarar da ta biyo, na tattara na dawo ƙauye na kama noman riɗi da zoɓo. Ina nan zaune a ƙofar gida na ji a rediyo cewa KLM ya daina zuwa Kano a watan Yunin 2012, bayan shekara 65, kuma shi ne kamfanin Turai na ƙarshe da ya rage.

Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan hukuma kaɗai, ni kuwa a ganina rabin gaskiya ce, domin na auna kayan da hannuna na san wanda ya zo don mu da wanda ya zo don mai. Waɗanda suka daɗe su ne masu fasinja na haƙiƙa: Saudia da masu umara, EgyptAir da ɗalibai da masu neman magani, Sudan Airways, da Middle East Airlines da ke ɗaukar Kwarori zuwa Beirut. Waɗanda suka zo daga baya ma, Ethiopian Airlines da Qatar Airways da ya fara a 2022, duk gabas suke fuskanta, 'yan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Dubai da Sin ne ke cika su.

Ni da na yi shekara 33 ina auna kayan matafiya, ban taɓa sa ƙafa a cikin jirgi yana sama ba sai bayan da aka buɗe filin jirgin Dutse a 2014. Shekara biyu bayan haka 'ya'yana suka haɗa kuɗi suka biya mini kujera. A wajen awo wani saurayi ya miƙo hannu ya ce, "Baba, kawo jakar mu gani." Na ɗaga ta sau ɗaya na ce masa kilo 7 ce da rabi. Ya ɗora a sikeli, ya dubi allon, ya dube ni, sannan ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Yadda muka sauka da abin da ya same ni a Madina, sai a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.