Godiya ga duk wanda ya tsaya min daren da sabarmu ta mutu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolinmu, ta tashi, ko fayil ɗaya bamu rasa ba, shi ne nace bari in zo in yi godiya tun kafin bacci ya kwashe ni.

Laifin dai nawa ne, ba sai an ɓoye ba. Wata manhaja nake son sawa tana ta kukan wai bata ga GLIBC_2.34 ba, ita kuwa sabar Ubuntu 20.04 ce a kanta mai glibc 2.31 (glibc ɗin nan tarin lambobi ne da manhajojin Linux ke dogara da shi), ni da wayona sai na kwafo libc.so.6, babban fayil ɗin glibc, daga kwamfutata mai 22.04 na danna shi a kan na sabar da umarnin kwafi na cp. Ko ɗaga yatsa ban gama yi ba SSH, hanyar da nake shiga sabar daga nesa, ya yanke. Ashe kusan komai a Linux, umarnin ls ne, sudo ne, bash da ake rubuta umarni a ciki ne, har shi sshd ɗin da ke karɓar SSH, duk da wannan fayil ɗin suke numfashi. Na sake kunna ta, sai kernel panic, wato Linux ɗin ya tsaya cak ya ƙi tashi. Wallahi zufa ta keto min.

Godiya ta farko ga ɗan uwan da ya hana ni goge komai in sake sa sabon Ubuntu, don hannuna na kan maɓallin. Cewa yayi diskin lafiyarsa lau, fayil ɗaya ne ya lalace, in tayar da sabar da ISO na ceto, wato wani Linux na wucin gadi daga waje, in ɗora diskin a foldar /mnt. Nayi hakan, na gwada chroot, umarnin shiga tsarin da ke kan diskin, ya ƙi, har na fara karaya sai wata baiwar Allah ta fahimtar da ni cewa ai bash ɗin dake ciki ma lalataccen libc ɗin yake nema, dole daga waje za a gyara. Ita ta sa na duba /mnt/var/lib/dpkg/status na ga ainihin lambar libc6, kunshin da ke ɗauke da glibc, da ke kai, na sauko da irinsa sak. Kuma ta ja min kunne kar in kuskura in warware shi da dpkg-deb kai tsaye cikin /mnt, don yana iya taka mahaɗin /lib da ke nuni zuwa /usr/lib in ƙara ɓallo wani ruwan. A wata folda daban na warware, na ɗauko libc-2.31.so kawai, ainihin fayil ɗin da libc.so.6 ke nuni gare shi, na mayar inda yake, sai ga chroot ya buɗe. Daga nan apt install --reinstall libc6, shikenan. Malama Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara ilimi, kusan awa uku kina tare da ni kuma ko sanina baki yi ba.

Oga ma na gode da baka kira ni sau ashirin ba, saƙo ɗaya ka turo kace in bi a hankali.

Ita kuwa manhajar da ta jawo duk wannan, tana can cikin Docker, wanda ke keɓe manhaja da nata kayan aikin daban, tana aikinta, minti goma ma bai ɗauke ni ba.