Yau tsinin amlodifin ya daina jan wutsiya

Talata. Na shiga ɗakin gwaji da wuri, domin HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin magani ta auna kowanne, ba ta son gaggawa. Sai an bar ruwa ya yi ta ratsa bututun C18, inda ake rarrabewar, har layin da ke kan allon kwamfuta ya kwanta sarai kafin a saka mata komai.

Mako biyu ke nan ina fama da hanyar auna amlodifin, maganin hawan jinin nan da ake yi a ƙwayar miligiram 5 da 10. Abin da ya hana ni sakat shi ne tsinin maganin, wato tudun da layin allo ke yi idan maganin ya fito daga bututu: ya hau tsaf, amma wajen sauka sai ya yi ta jan wutsiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Amlodifin yana ɗauke da wani rukunin sinadari da ake kira amin, silikar cikin bututu kuwa tana da wasu gurabe da ke cafke irin wannan rukuni, sai wani kaso na maganin ya makara a hanya.

Na zubar da tsohon haɗin ruwan da ke ratsa bututu, na sake sabo. Na zuba tirayitalamin a ruwa don ya riga maganin mamaye waɗancan gurabe, na riƙa ɗiga asid ɗin fosforik ɗigo-ɗigo, idona a kan ma'auni, har pH, wato awon tsami, ya tsaya a 3.0. Na gauraya da metanol da asitonaitiril, na tace, na fitar da iska, na saita hasken da na'ura ke gano magani da shi a nanomita 237. Da tsinin ya fito siriri, ɓangarensa biyu kamar an tsaga kara, sai da na miƙe tsaye. Na maimaita sau shida, bambancin bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Ina cikin murna shugabar sashenmu ta leƙo.

"Malam, ya yi kyau. Ina samfurin da ka bari a haske?"

"Yana nan, ranki ya daɗe."

"To, shi ne alƙalin."

Gaskiya ta faɗa. Amlodifin ba ya jure haske. Zoben dihaidirofiridin ɗinsa kan rikiɗe ya koma firidin, wanda ba ya sauke jinin kowa. Idan hanyata ta haɗa lalatacce da lafiyayye a tsini ɗaya, zan rubuta cewa ƙwaya ta cika alhali ta ragu. Na saka samfurin, zuciyata na dukan uku-uku. Can sai ga wani ɗan tsini ya ɓullo shi kaɗai, kafin babban, da sarari tsakaninsu. Alhamdulillahi.

Na tuna 2018, lokacin da aka janye balsatan, wani maganin hawan jinin, daga kasuwannin ƙasashe da dama saboda an gano NDMA, sinadarin da ake zargin yana haddasa ciwon daji, a cikinsa. Mutum yana haɗiyar irin wannan magani kullum, shekara da shekaru, bai da yadda zai gane abin da ke ciki. Mu ne idonsa.

Sauran aiki da yawa. ICH Q2, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan tabbatar da ingancin hanyoyin awon magani, wadda aka sabunta a 2023, tana neman aƙalla matakan ƙarfi biyar don nuna cewa amsar na'ura na tafiya daidai da yawan magani, da awo tara a matakai uku don tabbatar da sahihanci. Gobe abokin aikina zai maimaita komai da hannunsa, ba tare da na ce masa uffan ba. Na zuba masa samfura a kwalabe masu duhu, na rubuta kwanan wata a jikin kowacce, na wanke bututu kafin in kashe fitila.