Kafin ka ɗora biro a kan lasisin aure

A wani ɗaurin aure da aka yi kwanan nan a nan Amurka na ga wani matashi, wanda abokinsa ya roƙa ya ɗaura masa aure, ya ɗora lasisin a kan cinya, ya ari shuɗin biro a hannun mai ɗaukar hoto, yana shirin cikewa a tsakiyar hayaniya. Na leƙa, sai na ga zai rubuta rana kafin wata. Na riƙe masa hannu. Ya ɗago ya ce, "Baba, ai takarda ce kawai, in an yi kuskure sai a goge." Ban iya yi masa faɗa yadda na so ba, don da wannan tunanin ni ma na fara aikin nan na ɗaura aure, kuma ma'auratan da ba su ji ba ba su gani ba ne suka ɗauki nauyin wautata.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne lasisin aure daban, takardar shaidar aure daban. Lasisi izini ne da magatakardan gunduma, ko na birni a wasu jihohi, ke bai wa mutum biyu su yi aure. Mai ɗaura aure ya cike nasa ɓangaren, shaidu su sa hannu, a mayar da shi ofishin da ya bayar, su shigar da shi rajista. Sai bayan nan ma'aurata za su iya sayen kwafi mai hatimi, wanda shi ne hukumar shige da fice ke nema in miji zai cike wa matarsa fom I-130 na nema mata izinin zama a ƙasa, shi ne kuma ake kai wa in za a sauya suna a katin soshiyal sikiyuriti, wato katin lambar da gwamnati ke bai wa mutum don aiki da haraji. Takardar nan mai zanen furanni da ruwan zinare da muke miƙa wa ango a gaban jama'a ta bango ce kawai. Ni kuwa a kanta nake ɓata lokaci ina gyara rubutu, lasisin gaske kuma in cike shi a tsaye, ana jan rigata a zo a yi hoto.

Kwanan wata ne ya fara kayar da ni. A Amurka wata ake fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara. Wanda ya tashi da sa rana a gaba, in ya rubuta 5/9 yana nufin 5 ga Satumba, magatakarda 9 ga Mayu zai karanta. In lasisin a Agusta aka bayar, to a kan takarda ka ɗaura aure wata uku kafin a ba da izini. Da na lura da nawa kuskuren sai na yi abin da ya fi shi muni: na shafa Tipp-Ex, na hura ya bushe, na rubuta daidai a kai, har ina jin na yi tsafta. Aka dawo da shi. Lasisi takardar rajista ce da za a adana har abada, shi ya sa ofisoshi da yawa ba sa karɓar mai shafe ko kankara ko rubutu a kan rubutu. A Kalifoniya wannan a bayyane yake: in ka ɓata, sai an nemi sabon kwafi, a biya kuɗi, a sake cikewa. Shaidun da suka sa hannu kuwa sun riga sun watse, wani ya koma wata jiha, in ana son sa hannunsu kuma sai an bi su.

Zan ce ba laifina ba ne duka. Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana. An koya mana huɗuba da sharuɗɗan aure, an koya mana yadda ake sasanta dangi biyu da ba sa ga maciji, amma gidajen fom ɗin nan ƙanana kamar ƙwayar gero ba wanda ya taɓa nuna mana su. Ga ma'aurata da ke kawo lasisin a ninke huɗu cikin aljihun ango, minti biyu kafin a fara. To amma wannan uzuri ne na rabin hanya, don yawancin lasisi suna zuwa da takardar bayani ga mai ɗaura aure, wani lokaci ma a bayan takardar aka buga. Ban karanta ba. Na ɗauka wanda ya iya ɗaura aure ya wuce a koya masa cike fom.

Gidan da ake rubuta wurin ɗaurin aure a fom ma ya ci ni. Inda aka tsaya aka ɗaura ake so, ba adireshin wurin ibadar da kake aiki ba, ba kuma gidan ango ba. Ni adireshin da na saba nake sawa, ko da a zauren taro na wani gari aka yi. Sannan akwai gidan gunduma, inda mutane ke maimaita sunan birni. Shikago tana gundumar Kuk, yawancin Hustan tana Haris, Buruklin gundumar Kings ce, tsibirin Staten kuma Ricmon. A wasu jihohi wannan gida shi ne komai. A Ilinoi da Merilan, lasisi a gundumar da ta bayar kaɗai yake aiki. In ka karɓa a nan ka tsallaka iyaka zuwa zauren da ya fi araha, ka fita daga izinin da aka ba ka. A Niyok da Kalifoniya kuwa ko'ina cikin jihar yana aiki, amma ofishin da ya bayar za ka mayar wa. Galibi lasisin wata jiha ba ya aiki a wata. Na san mutane suna jin an ce Amurka ƙasa ɗaya ce, to a maganar aure kowace jiha da dokarta.

Wanda ya fi damuna har yau shi ne ajiyewa. Na gama ɗaurin aure, na sa lasisin a aljihun mota da niyyar kai wa gidan waya ranar Litinin, Litinin ta zo ta wuce. Ban tuna ba sai da amarya ta je neman kwafi aka ce mata babu aurenta a rajista, tana tsakiyar haɗa takardun zama a ƙasa. Nakan gaya wa kaina ai auren bai lalace ba, kuma gaskiya ne, a yawancin jihohi jinkirin mayarwa ba ya rushe auren da aka ɗaura daidai. Amma auren da ba za ka iya nuna shaidarsa ba ranar da ake nema, me ya amfana wa mai shi a ranar? Wa'adin kuma gajere ne. Niyok kwana 5 ta ba mai ɗaura aure, haka Merilan da Minesota da Bajiniya. Kalifoniya da Ilinoi da Fulorida kwana 10. Teksas da Ohayo kwana 30, kuma a Teksas wanda ya ƙi mayarwa a kan lokaci laifi ya yi, tararsa daga dala 200 zuwa 500. A wuyan mai ɗaura aure doka ta rataya wannan, ba a wuyan ango ba.

Akwai kuma wanda ban ma san kuskure ba ne sai daga baya. Inda aka saba waliyyi ya tsaya wa amarya tana can cikin mata, ko tana gida ma, mutum sai ya ɗauka ya gama. Addini ya gamsu, amma dokar jihohi irin Niyok da Kalifoniya tana so su biyun su furta da bakinsu, a gaban mai ɗaura aure da shaida, cewa sun karɓi juna. Aure ta wakili jihohi kaɗan ne suka yarda da shi, mafi yawa don sojoji da ke bakin aiki. In ka sa hannu kana shaida abin da bai faru a gabanka ba, ƙarya ka rubuta a takardar hukuma. Gyaran bai da wuya: bayan an shafa fatiha a kira su biyun gefe da shaidu, a tambaye su, su amsa, sannan a taɓa takarda.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma sha wani abu. Da na duba sai na ga yawancinsu abu ɗaya ne: karanta takardar kafin ranar. Ku ma'aurata, kada ku bar gaban tagar magatakarda sai kun gwada kowane harafi da fasfo ko lasisin tuƙi. Wanda fasfonsa ke ɗauke da Mohammed aka buga masa Muhammad, a nan take ake gyarawa cikin minti biyu. Bayan an shigar rajista sai takardar rantsuwa da kuɗi da jira. Ku duba ranar haihuwa, sunayen iyaye, da ranar da auren baya ya ƙare in akwai. A Kalifoniya, mai son sauya suna ta hanyar aure dole ya faɗa a lokacin neman lasisi. In an bayar babu, ba a ƙarawa daga baya, sai dai kotu. Wannan ba shawarar da za a yanke a layi ba ce ana raɗa da juna.

Ku kuma lissafa kwanakinku. A Niyok ba a ɗaura aure sai awa 24 ta cika daga lokacin da aka ba da lasisi, kuma lasisin kwana 60 yake yi. Teksas awa 72, kwana 90. Fensilbaniya kwana 3, kwana 60. Kalifoniya babu jira, kwana 90. Na Kolorado kwana 35 kacal yake yi. Wanda ya karɓa ranar Juma'a da yamma a Teksas yana shirin aure Asabar, ya tara jama'a a banza, sai in yana cikin waɗanda doka ta ɗauke wa jiran. Yaran yanzu za su yi wata shida suna zaɓen launin furanni, su kama zaure shekara guda kafin lokaci, amma lasisi sai ana jibi biki ake tunawa. Kuma da sun karɓa sai su ɗaga shi a yi hoto a sa a Instagram, cikakken suna da ranar haihuwa da adireshi duk a fili. Ban san me ake koya musu ba.

Kai kuma ɗana mai ɗaura aure, ka tabbata kana da izini a wurin da za ka tsaya. Takardar naɗi da ka sauke daga intanet cikin minti biyar ba ta isa ko'ina ba. A birnin Niyok sai ka yi rajista a ofishin magatakardan birni. A Ohayo sakataren jiha ke bai wa mai ɗaura aure lasisin yin aikin, a Bajiniya kotu ce ke ba da izini, a Nebada magatakardan gunduma. Jihar Niyok tun 2023 tana ba da izinin ɗaura aure na rana ɗaya, wanda ya fi dacewa da mai son yi wa abokinsa sau ɗaya ya huta. Abin da aka naɗa ka da shi, shi za ka rubuta a gidan muƙami, ba laƙabin da abokai ke kiranka ba.

Ka karɓi lasisin kwana ɗaya ko biyu kafin biki, ka yi masa hoto a inji, ka cike kwafin da fensir har ka gamsu. Da na ce ka cike na gasken ma tun a gida inda babu hayaniya, sai na tuna ana ɗaga biki, ana sauya zaure saboda ruwan sama, shaida yana makara a sa wani. To kada ka cike. Ko ka sa sunanka da adireshinka kaɗai, ka bar kwanan wata da wuri da sa hannu. Kai, bar shi duka, shi ya fi. Da an gama ɗaurawa, kafin abinci, kafin hoto, ka ja ma'aurata da shaidu zuwa ɗaki mai tebur, ka kwafe daga na fensir. Baƙin biro, naka na kanka, guda biyu, wanda ba ya zuba. Wasu ofisoshi na karɓar shuɗi, amma baƙi ba ya jawo magana. Manyan haruffa inda aka ce a rubuta suna, sa hannu inda aka ce a sa hannu, kowanne cikin gidansa. Amarya ta sa hannu da sunan da ke kan lasisin, ba wanda za ta koma ba, sai in fom ɗin ya ware wa sabon suna layi.

Shaidu ka ƙirga yadda jihar ta ce. Niyok ɗaya ya isa, Minesota biyu ne kuma kowanne ya kai shekara 16, Teksas ba ta neman ko ɗaya. A Kalifoniya lasisin gama-gari yana son ɗaya, bai wuce biyu ba. Kawu na uku da ya ji an raina shi ya matsa sai ya sa hannu a gefe, shi zai sa a dawo da takardar. Ka ba shi ta furannin ya sa hannu a can, da duk wanda ke so.

In ka yi kuskure, ajiye biro. Kada ka goge, kada ka ja layi, kada ka maimaita a kai don ya fito. Wasu ofisoshi suna yarda a ja layi ɗaya a sa haruffan suna a gefe, wasu kuma wannan layin ne zai sa su ƙi karɓa, kuma ba za ka sani ba sai ka tambayi wanda ya bayar. Ka kira su ranar aiki ta farko. Ko da yake ni ban cika yarda da amsar waya ba, don wanda ya amsa ba lallai shi ne zai duba takardar ba; in da hali ka je da ita da ƙafarka.

Mayarwa kuma kada ka bar wa ango, mutumin da zai hau jirgi gobe da asuba. Na san akwai wuraren da ma'aurata kan kai da kansu don su karɓi kwafi nan take, in haka ne ku tafi tare. In ta gidan waya ne, ka ɗauki hoton takardar gaba da baya, ka aika ta hanyar da ake bin sawu da lamba, ka ajiye rasit. Ma'aurata su jira mako biyu ko uku su nemi kwafi mai hatimi, biyu ko uku lokaci guda don kowace hukuma nata take so, su kuma karanta shi harafi harafi ranar da ya iso.