A tseren Formula 1, taya ce ke tona asirin direba

Mai kallon tseren Formula 1 a karon farko idonsa na kan gudu. Wanda ya daɗe yana kallo kuwa tayoyi yake dubawa, don a nan ake cin tsere, a nan kuma ake zubar da shi. Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tsere, saboda haka abin da ke kai mota wurin makanikai yanzu shi ne canjin taya, sai ko gyaran fiffiken gaba idan ya karye.

Kamfanin Pirelli kaɗai ke ba kowa taya tun 2011. Launin da ke jikin gefenta shi ke nuna irinta: ja mai taushi ce, tana kama kwalta sosai amma ba ta jimawa, rawaya matsakaiciya, fara mai tauri, ga juriya amma ba ta saurin ɗaukar zafi. Duk ukun sumul suke, babu zane. Kore ta yayyafi ce, shuɗiya ta ruwa mai ƙarfi. Idan hanya a bushe take, dole direba ya yi amfani da iri biyu aƙalla kafin a gama tseren.

Shi kansa canjin abin kallo ne. Mutum kusan ashirin ke jiran mota. Kowace taya mutum uku: mai kwance noti da bindigar iska, mai cire tsohuwa, mai saka sabuwa. Ga masu jak gaba da baya. Noti ɗaya tak ke riƙe da taya. Makanikan McLaren sun gama wa Lando Norris aikin cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Sai dai asarar ba a tsayuwar take ba. A layin shiga gareji ba a wuce kilomita 80 a awa a yawancin filaye, don haka shiga da fita kan ci daƙiƙa ashirin da wani abu. Kuma notin nan guda yana iya kashe tsere ɗungurungum. A Monako a 2021 bindiga ta kama notin motar Valtteri Bottas a karkace ta cinye haƙoransa, taya ta ƙi fita, yana na biyu ya haƙura da tseren.

Taya tana lalacewa ta hanyoyi daban-daban. Idan ba ta ɗauki zafi ba direba ya matsa mata, sai ta riƙa zamewa, robar samanta ta dunƙule kamar tsaki, motar ta ƙi juyawa a kwana. Idan zafi ya yi mata yawa daga ciki, sai ta yi bororo, roba ta ɓantare. Mafi muni shi ne a danne birki har taya ta daina juyawa ta goge a wuri ɗaya. Daga nan mota sai karkarwa. Haka ta faru da Kimi Räikkönen a filin Nürburgring na Jamus a 2005, shekarar da aka hana canjin taya a tsere: yana kan gaba, a zagayen ƙarshe karkarwar ta karya ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, Fernando Alonso ya wuce abinsa.

A ganina da wannan ma'auni ya kamata a auna manyan direbobi, ba da yawan kofi kawai ba.

Juan Manuel Fangio ya shiga tseren Jamus na 1957 da Maserati, tanki rabi, da niyyar ya tsaya sau ɗaya, alhali Ferrari biyu na Mike Hawthorn da Peter Collins sun shirya tafiya ba tsayawa. Tsayuwar ta lalace a hannun makanikai, ya fito an ba shi ratar kusan daƙiƙa hamsin. Yana da shekara 46 a lokacin, filin kuma zagaye ɗaya ya haura kilomita 22. Ya yi ta karya tarihin gudun filin zagaye bayan zagaye, ya wuce su biyun ana saura zagaye ɗaya. Da wannan nasara ya ɗauki kambunsa na zakaran duniya karo na biyar.

Ayrton Senna a filin Donington na Ingila a 1993 kowa zagayen farko yake tunawa, inda ya tashi daga na biyar ya zama na ɗaya a cikin ruwa. Abin da aka fi mantawa shi ne ruwan ya yi ta zuwa yana ɗaukewa. Alain Prost, da Williams wadda ta fi kowace mota a shekarar, sau bakwai ya shiga canjin taya. Senna sau huɗu ya canza. Ya iya zama kan tayar da ba ta dace da yanayin ba har sama ta sake shawara.

Michael Schumacher nasa salon daban ne. A Hangari a 1998 motocin McLaren biyu sun tare masa gaba a filin da wuce mota ke da wuya. Ross Brawn, babban injiniyan ƙungiyarsa ta Ferrari, ya mayar da shi tsayuwa uku maimakon biyu, da sharaɗin ya samar da ratar kusan daƙiƙa 25 cikin zagaye 19. Mota ba nauyin mai, taya sabuwa, sai ya taka ta kamar kowane zagaye na neman gurbin farko ne. Lissafin injiniya a takarda yake tsayawa idan babu direban da zai biya kuɗinsa.

Lewis Hamilton kuwa ya ga fuska biyu na wannan al'amari. A Sin a 2007, shekararsa ta farko, an bar shi kan taya har zarenta ya fito, ya zame cikin tsakuwa a bakin shiga gareji, kambun ya kuɓuce masa da maki ɗaya a ƙarshen shekara. A Turkiyya a 2020 ya riƙe koriyar taya guda kusan zagaye hamsin har zanenta ya suɗe ta koma sumul, daidai lokacin da layin da motoci ke bi ya fara bushewa. An yi masa tayin shiga canji dab da ƙarshe saboda ana hasashen ruwa, ya ƙi. Ya ci da ratar fiye da daƙiƙa talatin, ya kamo Schumacher da kambu bakwai.

Idan za ka kalli tsere na gaba, duba jadawalin gefen allo: launin tayar kowa da zagaye nawa ta yi. Na biyu da ya riga shiga canji yakan ci ribar daƙiƙa ɗaya ko biyu a zagayen fitowarsa, na gaba ya shiga daga baya ya fito ya tarar da shi a gabansa. Dabarar tana rushewa idan ya fito bayan motar da ba ta sauri, ko sabuwar tayar fara ce da ba ta yi zafi ba tukuna.