Ruwan da na ƙi zubarwa

Bara, ana tsakiyar zafin Afrilu, tumatirin da ke rumfar ledata a Wamakko ya fara yaushi layi-layi. Na tumɓuke ɗaya na duba. Saiwar ta koma ruwan ƙasa, ta yi laushi, fatarta na saɓulewa a yatsa. Wani malamin gona ya gani ya ce, "Alhaji, Pythium ce, ƙwayar cuta mai ruɓar da saiwa, kuma ta ruwa take bi."

Laifina ne. Ruwan da ke tsiyayowa daga buhunan shuka nake tarawa a tanki in sake ba su, don tsadar man inji da kuma takin da ke cikinsa. Ashe cutar nake raba wa kowane tushe.

Yanzu sai ruwan ya ratsa durom ɗin yashi sannu a hankali kafin in zuba kilorin. Tacewar ita ce farko, domin dauɗa kan cinye kilorin tun bai taɓa ƙwayar cutar ba. Da 'yar takardar gwaji nake aunawa, ba na bari ya wuce miligiram 2 a lita, don in ya yi yawa saiwa ke ƙonewa.

A Holan manoma dafa nasu ruwan suke yi, digiri 95 na daƙiƙa 30. Ni da wace wutar?