Yau ma sai da na shiga kicin ɗin mutane

Asabar. Hazo ya rufe gari tun asuba, leɓɓana duk sun tsattsage. An kawo wuta da sassafe, na yi maza na markaɗa waken ƙosai kafin su ɗauke abarsu. Ummi ta tafi Islamiyya tana ƙunƙuni saboda hijabinta bai gama bushewa ba. Baban Ummi kuwa tun duku-duku ya wuce gona, ana yankan dawa.

Da hantsi Yaya Sani ya kira, wai Anti Rabi ta samu ƙarin girma a wurin aiki, zai fita da mu cin abinci. Kun san Yaya, in ya ce za a yi to magana ta ƙare. Na ce Allah ya sanya alheri, na koma na ƙara cin ƙosaina da kunun tsamiya har na ji na yi nak, na jefa gyaɗa da dabino a jaka. Mai irin lalurata, cutar siliyak da ke hana ni cin duk abin da ke da alkama, ba ta zuwa gidan abinci da yunwa.

Wurin sabo ne, can wajen PZ a nan Zariya, fes da shi, ga sanyin AC ga kujeru masu laushi. Mu biyar ne har da ƙawar Anti Rabi da ta zo daga Kaduna da kuma Abba. Ana ta raha, ni ma har da ni, don wallahi na yi wa Anti murna, ta daɗe tana jiran wannan abu. Kafin a ce me, Yaya ya sa an jere wa kowa lemon malt. Na tura nawa gaban Abba na nemi ruwa. Malt daga sha'ir ake yin sa, sha'ir kuwa da alkama duk hukuncinsu ɗaya a wurina.

Sai aka miƙo takardar abinci. Shawarma, samosa, taliya, soyayyar kaza mai ɓawon fulawa, semo da miyar agushi. Idona ya yi ta sauka har ya tsaya kan tuwon shinkafa da miyar taushe. Na kira yaron da ke kai abinci.

"Ƙanena, tuwon nan da me aka tuƙa shi?"

"Da shinkafa mana, Hajiya."

"Ba a sa masa fulawa ko semo?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ai tuwon shinkafa ne, Hajiya."

Na ce don Allah ya taimaka ya tambayo min mai dafawa, don semo ma daga alkama ake yin sa. Ya tafi, ya dawo da sauri ya ce an ce babu komai. Saurin dawowar ce ban yarda da ita ba. Na nemi izini in ga mai girkin da kaina, ya yi jim, ya ce in biyo shi.

Dattijuwa ce, ta ɗaura zani a ƙirji kan riga, zufa na zubo mata duk da sanyin gari. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Mama ki yi haƙuri, ba raini ba ne, ciwo ne da ni, ko ƙwayar alkama ba na ci. Ta ajiye muciya ta dube ni da kyau, ta ce, "To 'yata, tunda ciwo ne ba zan ɓoye miki ba. Ina barbaɗa semo kaɗan in tuwon ya kusa, don ya kama jikinsa. Shinkafar yanzu ba ta da danƙo." Muciyar da ke hannunta ma ita ce ta gama tuƙa semo da ita, ga shi nan fari ya bushe a gindinta. Na tambayi soyayyen dankali, ta nuna min kaskon, man da aka soya kaza mai fulawa ne, har ɓurɓushin na yawo a sama. Ɗanwake fa? Ta yi dariya, ta ce wa ke yin ɗanwake da garin wake da rogo zalla yanzu, rabinsa fulawa ne. Miyar kuma an zuba magi kala-kala an yar da takardun, alhali wasu dunƙulen akwai garin alkama a cikinsu, sai mutum ya karanta jikin kwali zai sani.

Ita da kanta ta ce in tsaya. Ta ɗauko ƙaramar tukunya ta wanke a gabana, ta fere doya ta ɗora, ta yanka albasa da tumatur da attaruhu ta soya da manja, gishiri da daddawa kawai. Tana cikin juyawa ta ce wai me ciwon yake yi wa mutum. Na gaya mata yadda likitana na asibitin koyarwa na Shika ya bayyana min: akwai wani sinadari a alkama da sha'ir da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya riƙa yin danƙo. Mai cutar siliyak in ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta juya ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta cinye 'yan tsiro-tsiron da ke tsotse amfanin abinci. Sai mutum ya yi ta ci ba ya ganin amfani, ga zawo, ga kumburin ciki, ga ƙarancin jini, ga kasala.

Sai ta yi shiru. Can ta ce tana da jika, kullum cikinsa a kumbure, ba ya girma, an yi maganin tsutsa an yi na shawara duk a banza, kuma ba abin da yake so kamar burodi da shayi. Na ce Mama ni ba likita ba ce, abubuwa da yawa na kawo haka, amma ku kai shi babban asibiti ku ambata musu. Gwajin jini ake fara yi, in ya nuna alama sai a zura na'ura ta baki a ɗan tsinko fatar hanji a duba. Na ja mata kunne kada su hana shi burodin kafin a yi gwajin, domin in an daina ci sakamakon na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Ta sa na maimaita mata sunan cutar har ta riƙe.

Na fito da farantin doyata raina fari tas. Ko zama ban gama yi ba Yaya ya ce, a gaban baƙuwa, "Ke dai Hadiza ba kya gajiya. Duk inda aka je sai kin shiga kicin ɗin mutane kamar duba-gari. Ɗan abin da za a barbaɗa ne zai kashe ki?"

Aka yi dariya, ni ma na yaƙe haƙora. Ƙawar Anti ta ce ai ta gane, ita ma ta bar cin fulawa don ta rage ƙiba, sai dai ranar biki takan ɗan taɓa cincin. Yaya ya ɗora da cewa shi fa duk wannan cutar Turawa ce, mu da muka tashi da gurasa da alkaki da funkaso, wa ya taɓa jin ta a Zazzau.

Ban ce uffan ba. Ba a mayar wa yaya magana a gaban mutane, kuma ranar Anti ce. Amma tun lokacin abin ke ci na, shi ya sa na kasa kwanciya sai na rubuta.

Da farko dai, ɗan abin ne matsalar. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita, abincin da za a ce ba shi da gulutin kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo guda. Ku auna wannan da hannun Mama in ta damƙo semo ta watsa a tukunya. Kuma ba lallai in faɗi a wurin ba, wannan ne mutane suka kasa ganewa. Wani lokaci sai dare ciki zai fara murɗawa, wani lokaci ba na jin komai amma hanjin na can yana lalacewa. Mai rage ƙiba tana da ranar hutu, ni ba ni da ita, kuma babu ƙwaya babu allura, ƙauracewar ita ce maganin har iya rayuwa.

Batun Turawa kuma. Ana ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin 100 a duniya na da ita, da yawansu ba su ma sani ba. Gaskiya ne Bature ne ya gano alaƙarta da alkama, wani likitan yara ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Dicke, wanda ya lura a yunwar ƙarshen yaƙin duniya na biyu cewa yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi da burodi ya yanke, da ya dawo kuma ciwon ya dawo. Amma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a nan Afirka ne, cikin yaran Sahrawi, wato mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda binciken da aka wallafa a 1999 ya samu kashi 5.6 cikin ɗari. Musulmi ne 'yan'uwanmu, masu shan shayi irin namu. A nan dai ba a cika nemanta ba ne, sai a ce olsa, a ce taifot, a ce basir, mutum ya yi ta zarya tsakanin kemis da mai saiwoyi.

Abin da ya fi yi min ciwo, Yaya ya san duk wannan. Shi ne ya ɗauke ni a motarsa zuwa Shika lokacin da ko tsakar gida ba na iya sharewa sai na zauna na huta. Shi ya riƙe min jaka a bakin ɗakin gwaji, shi ya biya kuɗin. Ya ga yadda na rame, ya ga yadda na murmure bayan na bar alkama. Yau kuma don na tsaya magana da mai girki na zama abin kunya. Na san abin da ke ransa, a wurinmu ƙin abincin mutum ba ƙaramin abu ba ne, gani yake ya fitar da kuɗi ya kawo mu wuri mai kyau ni kuma ina tsince-tsince. To amma ina laifin ya bari sai mun shiga mota?

Wani abin haushin, ƙasar nan tamu ba ta alkama ba ce. Mafi yawan wadda ake ci daga waje ake shigo da ita. Ga cibiyar binciken noma nan a Samaru, shekara da shekaru tana fitar da irin dawa da masara da wake. Tuwon dawa, tuwon masara, fura, dambun shinkafa, faten acca, sinasir, babu wanda asalinsa ke buƙatar fulawa. Amma yau sai ka zagaye gidajen abinci da kyar ka samu tukunyar da ba a barbaɗa mata ba, wai don tuwo ya yi santsi.

Doyar dai ta yi daɗi, ba ƙarya. Da za mu tafi na koma na ba Mama ɗan abin goro, ta ƙi karɓa sai da na rantse.

A hanyar dawowa cunkoso a Kwangila, ba wanda ya yi magana sai Abba da ke ta labarin ƙwallo. Anti Rabi ta turo saƙo bayan magariba, wai in yi haƙuri, na san halin yayana. Shi ma ya kira bayan isha'i, na ga kiran na bar shi ya katse. Zan kira shi da safe in na huce, don in na ɗauka yanzu sai na faɗi abin da Hajiya za ta ji.

Gobe kuma wunin bikin 'yar Anti Lami a Gyallesu. Alkaki, dubulan, cincin, funkaso, komai za a jere. Nakiya ce kawai tawa, ita ma sai na tambayi wadda ta daka. Na riga na jiƙa shinkafar sinasir, da kulata zan tafi, duk mai magana ta yi.