Ga ƙannena masu riƙe makirfo ranar Lahadi

Ina ɗan shekara 24 aka damƙa mini jagorancin mawaƙa a sujadar Hausa ta wata ikilisiyar Baptis da ke Sabon Gari, nan Kano. Allah ya ba ni murya, yatsuna kuma sun saba da kibod, sai na ɗauka aikin ke nan. Shekara uku na yi ina ɓarna ban sani ba.

Nakan ɗauki waƙa can sama, inda ta fi daɗi a maƙogwarona. Ban taɓa tunawa da dattijo mai shekara 70 ba, ko mace mai goyo da ta kwana tana lallashi, ko yadda ƙurar hunturu ke busar da maƙogwaro da sassafe. Jama'a sukan fara da ni, in an zo inda muryarsu ba ta kai ba sai su saki. Ni kuwa ba na jin shirunsu, don na sa an ƙure lasifika, ga ganga da jita a bayana. Duk mako kuma sai na kawo sabuwar waƙa da na tsinto a YouTube, na juya ta zuwa Hausa da daren Asabar.

Wata tsohuwa daga Zumuntar Mata ce ta tare ni bayan an tashi. Ta ce, “Ɗana, sannu da aiki. Amma mu yanzu kallo muke zuwa yi ke nan?” Na ce, “Mama, ai zamani ne ya canza.” Har gobe amsar nan tana ci mini rai.

Fasto bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi Lahadi mai zuwa in bar wa mataimakina makirfo, in zauna a bencin baya. Daga can na ga abin da ba a gani daga gaba: mutane a tsaye, suna tafi, bakuna a rufe. Wani dikin, wato ɗaya daga cikin masu hidimar ikilisiya, ya riƙe Littafin Waƙoƙi a ƙirji, bai sami dalilin buɗe shi ba har aka zauna. Kunya ta rufe ni. A Baptis muna alfahari cewa ikilisiya ta jama'a ce, hatta kiran fasto a taron mambobi ake yanke shi, kowa da bakinsa. Ga shi ni na ƙwace musu baki a wurin yabo.

Maganar fassarar nan kuma ku kula da ita sosai. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da doguwar gaɓa da gajeriya. In ka tilasta mata bin karin da aka ɗinka wa Turanci, kalma takan karye, mai sauraro ya rasa abin da ake faɗa. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 14:15 zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da fahimta. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa don mutanenmu su ji da kunnensu su gane. Ku saurari matan zumunta in suna rerawa da tulu da caki: mai bayarwa ta ba da, sauran su amsa, amshin gajere ne, maganar tana zaune daram kan karinta. Baƙon da ya shigo yau kafin baiti na uku ya kama.

Don haka, ƙannena, ku sauke waƙa inda mafi tsufa a cikinku zai iya kaiwa. A kowace sujada ku dakatar da kayan kiɗa na baiti ɗaya ku ji ko ana rerawa. In shiru ne ya amsa muku, to ku koma ku gyara. Sabuwar waƙa ɗaya a wata ta isa, a koya wa jama'a ita layi-layi. Ku tambayi fasto nassin wa'azi tun ranar Alhamis, kada a yi wa'azin gicciye ku kuna waƙar buɗi da samun ƙarin girma. Sautin ma ku rage, muna da maƙwabta, kuma akwai jarirai a ciki.

Ranar Talatar da ta biyo bayan zamana a bencin baya na tafi gidan tsohuwar nan na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, “Tashi, ɗana, ɗauko takarda.” Muka zauna a tsakar gida har magariba, tana rerawa ina rubutawa. Waƙa goma sha ɗaya na fito da su, kuma da ta farkon muka buɗe sujada ranar Lahadi, ita ce ta bayar, mu muka amsa.